Rufin Asiri a Zamanin Intanet: Abin da Ake Iya Ganowa, Ya Halatta a Tono Shi?

A cikin addu'o'in da Bahaushe ke yi wa kansa da wanda yake ƙauna, da wuya a sami wadda ake yawan maimaitawa kamar "Allah ya rufa asiri". Ana yi wa amarya ita ranar da za a kai ta ɗaki, ana yi wa ɗan ci-rani ita a tasha, magidanci kuma yakan roƙe ta a ƙarshen bazara, sa'ad da rumbu ya kusa ganin ƙasa. Idan mutum ya ce yana cikin rufin asiri, abin da yake nufi shi ne maƙwabci bai san abin da aka ci a gidansa daren jiya ba, bai ma san ko an ɗora tukunya ba. Wato ke nan, a tunanin Bahaushe, mutunci yana tattare da ikon da mutum yake da shi na zaɓen wanda zai san halin da yake ciki.

A yau kuwa, a Tasawa da Mayahi, da ƙauyukan da ke bin Gulbin Kaba, yaro mai wayar salula yana iya zama a gindin bedi ya tattaro sunan mutum da hotonsa da lambarsa da sunan matarsa da makarantar da ɗansa yake, ba tare da ya yi wa kowa sallama ba. Tambayar da wannan maƙala ke son dubawa ita ce: shin sauƙin gano abu yana halatta neman sa? Idan kuma mutum da hannunsa ya saki wani labari game da kansa, shin ya saki haƙƙinsa a kan labarin ke nan har abada?

Asiri a garin da kowa ya san kowa

Wani zai ce ai ƙauye bai taɓa sanin sirri ba. A Kanambakashe ko Korgom, kowa ya san gonar kowa, da bashin da ake bin sa, da dalilin da matarsa ta yi yaji. Wannan gaskiya ne. Sai dai wannan sani yana da dabaibayi guda huɗu. Na farko, wanda ya san asirinka kai ma ka san nasa, don haka kowa yana riƙe da wutsiyar kowa. Na biyu, labari yana tafiya ne da ƙafa, yana gajiya a hanya. Abin da aka sani a Maijirgi ba lalle ne ya kai Maraɗi ba. Na uku, mutane suna mantuwa, masu tunawa kuma suna mutuwa, saboda haka wanda ya yi abin kunya yana saurayi yana iya zama dattijon kirki. Na huɗu, akwai kunya, wadda ke hana mutum faɗin duk abin da ya sani. Masu iya magana sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ginin gidan Bahaushe ma shaida ne. Zaure shi ne iyakar baƙo. Wanda zai wuce shi sai da sallama da izini. Haka kuma al'adar ɓoye suna: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta ambaton sunan mijinta, ana ɓoye ciki har sai ya bayyana kansa, makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa. Addinin Musulunci ya zo ya ƙarfafa wannan tarbiyya. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, aya ta 12 a Suratul Hujurat kuma ta haɗa mummunan zato da bin diddigi da gulma a wuri guda ta hana su.

Abin da ya fara kwance wannan dabaibayi shi ne rubutun baƙo. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a Tasawa, yana tafiya da sunan aro na Abdulkarim, ya rubuta abin da ya gani a garin, kuma littafinsa yana nan a intanet yau ga duk mai son karantawa. Bayansa, da mulkin Faransa ya kafu, sai aka shigo da kidayar haraji: sunan maigida, yawan matansa da ƴaƴansa da dabbobinsa. Ba banza ba ne kakanni suka riƙa ɓoye yara idan mai kidaya ya iso, domin sun fahimci cewa wanda ya rubuta sunanka ya sami hanyar da zai karɓi kuɗinka, ko ya ɗauki ɗanka zuwa lakwal ko aikin tilas. Amma duk da haka, wancan littafi yana kulle ne a ofishi guda, gara tana cin sa, kuma sai mai iko ke buɗe shi.

Ta ina ake gano mutum?

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001, kuma ba wanda zai musa alherinta. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi a kasuwannin hatsi na ƙasar ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 waya ta rage bambancin farashin gero daga kasuwa zuwa kasuwa. Amma ita wannan lamba da ke sada manomi da ɗan kasuwa, ita ce kuma ta zama igiyar da ake ɗaure dukan labarin mutum da ita. A da, yawan masu suna iri ɗaya ya kasance kariya: Abdu Musa nawa ne a gundumar Mayahi? Har ranar haihuwa ba ta cika bambanta mutane ba, tun da dubban waɗanda aka yi wa takardar haihuwa daga baya an rubuta musu 1 ga Janairu. Lambar waya kuwa ta mutum ɗaya ce tak. Tun da hukuma ta wajabta rajistar layuka, har ta rufe kimanin kashi ɗaya bisa uku na layukan ƙasar a watan Nuwamban 2013 saboda rashin rajista, kowace lamba ta zama tana ɗaure da katin shaidar wani.

Daga nan hanyoyin suna da yawa. Wanda ya ajiye lamba a wayarsa, sau da yawa WhatsApp zai nuna masa hoton mai ita. Manhajoji irin su Truecaller suna tattara sunaye daga jerin lambobin da ke cikin wayoyin masu amfani da su, ta yadda tsohuwar da ba ta taɓa ganin intanet ba za ta iya kasancewa a ciki, da laƙabin da jikanta ya ajiye ta da shi. A Facebook ana samun hotunan suna da na biki, da ƙofar gida, da lambar babur. A ƙungiyoyin WhatsApp na ƴan asalin gari ana yawo da hotunan takardu: sakamakon jarrabawar BEPC, jerin malaman da aka yi wa canjin wurin aiki, jerin waɗanda suka ba da gudummawar ginin masallaci da adadin abin da kowa ya bayar. Ga kuma mai cajin waya a kasuwa, da mai gyara, da mai tura waƙoƙi a katin ajiya, waɗanda ake miƙa wa waya a buɗe a tafi cefane.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne. Haɗarin yana cikin haɗa su. A shekarar 2000 wata masaniya a Amurka, Latanya Sweeney, ta lissafa cewa abu uku kaɗai, wato ranar haihuwa da jinsi da lambar unguwa ta gidan waya, sun isa a ware kashi 87 cikin 100 na mutanen ƙasar ɗaya bayan ɗaya. A ƙasar Hausa, suna da sunan uba da sunan ƙauye da hoto guda sun wadatar. Bugu da ƙari, manyan rumbunan da ake zuba waɗannan bayanai su ma suna yoyo. A watan Afrilun 2021 aka baza bayanan mutum miliyan 533 masu amfani da Facebook daga ƙasashe 106, har da lambobin wayarsu. A 2024 kuma aka gano wasu shafuka a Najeriya suna sayar da bayanan katin ɗan ƙasa a kan naira 100 kacal.

Abin da ke cikin haɗari

Kada mai karatu ya ɗauka wannan damuwar mutanen birni ce. A kudancin jihar Maraɗi, wajen Madarunfa da Gidan Runji, an shafe shekaru ana fama da masu satar mutane don neman kuɗin fansa, kuma sanannen abu ne cewa ɓarawo ba ya zuwa sai da mai nuna masa gida. Hoton buhunan da aka sauke, ko na shanun da aka sayar, ko saƙon murya mai cewa wane ya aiko da kuɗi daga waje, duk suna iya yin aikin da ɗan rahoto yake yi. Matasan da ke tafiya Libiya neman kuɗi sun san yadda masu tsare baƙi ke amfani da lambobin da ke cikin wayar wanda suka kama su kira iyayensa. Haka nan ɗan damfara da ya san sunan uwa da sunan ɗanta da garin da yake ci-rani, ya riga ya ci rabin hanya kafin ya buɗe baki.

Mata su ne suka fi ɗaukar nauyin wannan al'amari. A 2007, a Kano, wani hoton bidiyo na sirri na wata ƴar fim ya fita daga wayar da aka ɗauke shi da ita, ya bazu daga waya zuwa waya. Hukuma ta dakatar da shirya finafinai na watanni, ita kuwa yarinyar sana'arta ta ƙare a nan. An yi haka tun kafin WhatsApp ya zo duniya. Yau hoto guda da budurwa ta aika wa saurayin da ta amince da shi ya isa ya rusa baiko, ko ya fitar da ita daga makaranta, alhali wanda ya yaɗa shi yana yawonsa a gari. Magana zarar bunu ce, in ji Hausawa, to ina ga hoto, wanda ake iya kwafa sau dubu ba tare da ya dushe ba?

Akwai kuma asirin talaka, wanda ba a cika maganarsa ba. A 2008 ƙungiyar Save the Children ta gwada raba kuɗi ga gidaje 1,500 mafiya talauci a yankin Tasawa, kuma tun daga lokacin irin wannan taimako ya yawaita a ƙasar. Ba a iya yin sa sai da jerin sunaye: wane ne ba shi da gona, ɗan wa ke fama da tamowa, wace ce mijinta ya tafi bai aiko ba. Wanda yunwa ta kora ba shi da bakin cewa kada a rubuta shi, ko kada a ɗauki hoton ɗansa. Ke nan mutumin da ya fi kowa roƙon rufin asiri shi ne aka fi rubuta asirinsa. Irin waɗannan rumbuna ma ba su tsira ba: a watan Janairun 2022 ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta duniya ta sanar cewa an kutsa cikin kwamfutocin da ke ɗauke da bayanan mutum fiye da 515,000, cikinsu har da waɗanda yaƙi da gudun hijira suka raba da danginsu.

Hujjoji uku na masu tono

Hujja ta farko ita ce: ai shi ya sa da kansa, ba wanda ya tilasta shi. Amsar ita ce, kowace magana tana da wurin da aka yi ta dominsa. Abin da mace ta gaya wa ungozoma gaskiya ne, kuma da bakinta ta faɗa, amma idan ungozoma ta kai shi bakin rijiya ta ci amana. Uban da ya sa hoton sunan ɗansa ya yi ne don dangin da ke Agadas da Kano su taya shi murna; wanda ya ɗauki hoton ya haɗa da wasu bayanai don ya auna dukiyar gidan ya fitar da abin daga inda aka ajiye shi. Wata masaniyar falsafa, Helen Nissenbaum, ta gina littafinta na 2010 a kan wannan ra'ayi, cewa cutarwa tana faruwa ne sa'ad da labari ya tsallake daga muhallin da aka ba da shi zuwa wani muhallin da ke da wasu ƙa'idoji. Bahaushe ya daɗe da sanin haka, shi ya sa ya bambanta maganar ɗaka da maganar zaure da maganar kasuwa.

Hujja ta biyu ita ce: mai gaskiya ba ya tsoron a bincike shi. Wannan magana ta ɗauka cewa laifi kaɗai ake ɓoyewa. Alhali mafi yawan abin da mutane ke rufewa ba laifi ba ne: ciwo, bashi, rashin haihuwa, saɓanin cikin gida, asalin da wasu ke gori da shi. Wanda ya rufe ƙofar makewayi ba ɓarawo ba ne. Har ila yau, ko da kuskure ne na gaske, akwai haƙƙin tuba. A 2014 kotun Tarayyar Turai ta ba wani mutumin ƙasar Sifen gaskiya a kan Google, saboda duk wanda ya nemi sunansa sai ya ci karo da sanarwar gwanjon gidansa kan wani bashi na 1998 da ya riga ya biya. Alƙalan sun ga cewa bai kamata na'ura ta riƙa tsayar da mutum a ranar da ya fi kowace rana muni a rayuwarsa ba. Al'ummar da ba ta mantuwa, tuba ba ta da amfani a cikinta.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, kuma wajibi ne a saurare ta da kyau. Sau da yawa da sunan rufin asiri ake danne wanda aka zalunta. Yarinyar da babba ya lalata a ce a yi shiru don mutuncin gida. Kayan agaji su ɓace a ce kada a kunyata dattijo. A irin wannan hali, wayar da ta ɗauki hoto ita ce kaɗai shaidar marar gata. Haka kuma bincike kafin aure al'ada ce mai kyau, malamai ma sun halatta faɗin gaskiya ga wanda ya nemi shawara a kan wanda zai ba ƴarsa. Da intanet ne kuma iyalai da dama suka gano ɗansu da ya ɓace a ci-rani. Saboda haka ba za a ce duk nema haramun ne ba.

Ma'auni

Abin da ake bukata shi ne ma'aunin da zai raba bincike da tono, kuma ana iya tsayar da shi a kan tambayoyi uku. Ta farko: mene ne hurumin mai nema a cikin al'amarin? Waliyyin da ke binciken mai neman ƴarsa yana da hurumi, saurayin da aka ƙi kuma yake bin sawun yarinya ba shi da shi. Ta biyu: abin da aka gano, ina za a kai shi? Dattawan da ake aikawa binciken aure sukan dawo su gaya wa uba kaɗai, in abin bai yi ba a nemi wani dalili mai laushi a janye, ba a shelanta a gari. Ta uku: wa ya fi ƙarfi tsakanin mai nema da wanda ake nema? Wanda aka damƙa wa dukiyar jama'a, yadda ya sarrafa ta ba asirinsa ba ne, haƙƙin jama'a ne su sani. Talaka kuwa, da ɗalibi, da mace a ɗakinta, sun fi kowa cancantar a sakar musu labule. A littattafan tarihin Musulunci ana ba da labarin Halifa Umar, cewa ya haura katangar wani ya same shi cikin saɓo, mutumin ya tuna masa cewa shi ma ya yi leƙen asiri, ya shigo ba ta ƙofa ba, kuma bai yi sallama ba, sai Halifa ya ƙyale shi. Darasin shi ne, ko mai iko da kyakkyawar niyya yana da iyakar da ba ya ƙetarewa.

Doka ta fara kama wannan hanya. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a watan Mayun 2017, wadda ta tanadi hukumar HAPDP, aka kuma sake sabuwa a watan Disamban 2022. Akwai dokar yaƙi da laifukan intanet ta Yulin 2019, wadda gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024 ya maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2014, ta fara aiki a 2023. Sai dai doka tana zuwa ne bayan ɓarna, kuma matar da ke wani ƙauye a bayan Mayahi ba za ta je Yamai ƙara ba, domin ƙarar ma wani tonon asirin ne. Ban da haka, ƙungiyoyin ƴan jarida sun sha kokawa cewa irin waɗannan dokoki sun fi saurin kama mai sukar hukuma fiye da mai tozarta marar gata.

Nauyin da ke kan masu ilimi

Tun da haka ne, babban aikin yana komawa ga tarbiyya, kuma malamai da shugabannin ƙungiyoyi su ne a gaba, domin ta hannunsu takardun jama'a suke bi. Malamin da zai sanar da sakamakon jarrabawa yana iya aika wa kowane uba na ɗansa, maimakon ya baza hoton takardar ajin gaba ɗaya da ranakun haihuwa da makin kowa. Sakataren ƙungiya yana iya faɗin jimillar gudummawa ba tare da jera wanda ya ba da jaka goma da wanda ya ba da dala ashirin ba. Mai kai taimako gidan marayu yana iya barin waya a aljihu. Wanda zai sa hoton bikin gargajiya ko wasan kwaikwayon ɗalibai ya nemi izinin iyaye tukuna, kamar yadda zai yi sallama a zaure. A darasin Hausa kuma akwai wuri mai kyau na wannan zance, tun da kalmomin da ake bukata suna nan a harshen: amana, kunya, mutunci, sutura, tsegumi, tonon silili. Yaron da ya iya bambanta su zai gane da kansa cewa tura hoton wani gaba aiki ne da za a tambaye shi a kansa, ko da ba shi ya ɗauka ba.

Ya kamata kuma a tuna cewa mafi yawan waɗanda sunayensu ke yawo a wayoyi a gundumomin Tasawa da Mayahi ba su iya karanta abin da aka rubuta game da su ba, ba su kuma san yana can ba. Ba za a ce musu su kiyaye ba, domin ba su ne suka buɗe ƙofar ba. Asirinsu yana hannun ɗansu da ya yi boko, da mushen garin, da ma'aikacin asibiti, da mai rubuta sunaye ranar rabon agaji. Duk wanda Allah ya ba ilimin da zai iya gano abin da ya shafi wani, ya ɗora masa amanar da ta yi daidai da wannan ilimi, kuma wanda ya rufa asirin wani, shi ma yana da ranar da zai bukaci a rufa nasa.